Takalman Ɗangoma

Hafizu ya fara ganin Muna ne ta cikin kamera, kuma a karkace. Wani biki ake yi a Filinge, da la'asar. Da safiyar ranar kawunsa ya ara masa kamerar, ya nuna masa inda ake dannawa, ya ce sauran ilimin zai zo da kansa. Hafizu yana da digirin lisansi daga jami'ar Yamai a fannin labarin ƙasa. Yana iya zana taswirar kwarin Dallol Boso ido rufe, sai dai ba a taɓa samun wanda ya nemi a zana masa ba. Da haka ya zama mai ɗaukar bidiyo.

Ya tsaya jikin lasifika, don a ganinsa nan kiɗa ya fi ƙarfi. Rana na dukan fuskarsa. Yana ja da baya don ya kamo masu rawa, sai dugadugansa suka daki wani abu, kiɗan ya yi tuntuɓe. Ya juyo da kamerar a ido, ya ga wata budurwa zaune a tabarma, da ƙwarya kife a gabanta da 'yan sanduna a hannu.

"Mushe, ƙwaryag ga tana aiki," in ji ta, ta kira shi yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci.

"Yi haƙuri, ban gani ba."

"Yaya za ka gani, ka rufe ido guda, gudan kuma ka ba inji?"

Ta ci gaba da kiɗanta. A gabanta wani dattijo siriri yana jan goge, ko waiwaye bai yi ba. Shi ne Ɗangoma, mahaifinta, mai gogen da aka sani daga Kurfai har Bankuku. 'Ya'yansa maza duk sun tafi ci-rani, shi ya sa ƙwaryar ta faɗo hannun Muna, kuma dattawan da suka yi gunaguni da farko sun daina tun da suka ji hannunta.

Da aka tashi, Hafizu ya zo ya nuna mata abin da ya ɗauka, yana jiran yabo. Mutanen ciki duk sun fito baƙi ƙirin kamar inuwa, hoton yana rawa fiye da masu rawar, sautin kuwa kamar ana yaga buhu.

"Wanga kiɗan wa ne?" ta tambaya.

"Naku."

"To kar ka bari Baba shi ji. Zai ce ya tsufa."

Ya nemi lambarta don ya turo mata in ya gyara. Ta ba shi, ta ce ba ta sa rai. Bai gyara ba, domin ba ya gyaruwa, amma lambar ta yi amfani.

Daga nan duk inda su Ɗangoma za su yi wasa, suna ko aure ko taron matasa, sai ga Hafizu a kan moto, wato babur. Ya koyi aikin kamar yadda yawancin mutane ke koyo, wato ta hanyar ɓata bukukuwan jama'a. Ya gane a bar rana a bayan ƙeya. Ya gane a manna gwiwar hannu a haƙarƙari a riƙe numfashi, a daina jawo hoto kusa da nesa kamar mai jan guga. Ya fara zuwa da batir na biyu tun ranar da na farko ya mutu daidai lokacin da uwar ango ta shiga fili, abin da har yau ba ta yafe ba. Mafi amfani cikin abin da ya gano shi ne sauti. Sai ya ajiye tsohuwar wayarsa a ƙasa kusa da ƙafar mai goge, ta ɗauki kiɗan ita kaɗai, daga baya ya haɗa da hoton. Ranar da ya fara yin haka, Muna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a sake sa mata.

Ita kuma abin da ta koya masa ba na inji ba ne.

"Kana bin masu rawa kamar mai korar kaji. Ka tsaya wuri guda. In ka ga na ɗaga kafaɗa, kiɗa zai juya. Can ne rawa ke zuwa, ka jira ta."

"Ke nan ke zan riƙa kallo."

"Kafaɗa nac ce."

Da yamma saƙonni ke tafiya tsakanin Filinge da ƙauyen su Muna, in rezon waya ya ga dama.

"Munata, na duba aikin yau. Rabinsa kafaɗarki ce. Mai biki zai kashe ni."

"Ido Ɗaya, ka ce masa kafaɗar kyauta ce. Ka ci abinci?"

"Na ci. Ba daɗi."

"Wa ya dafa?"

"Inna."

"To da daɗi. Kai ne ba ka da hankali kwanan nan. Ni ma haka."

Wannan "ni ma haka" Hafizu ya karanta shi har allon wayar ya gaji.

Ba shi kaɗai ke kallon kafaɗar ba. Akwai Mamane, mai shagon hoto a bakin kasuwa, wanda ke da manyan kamarori da ɗan jirgin nan mai tashi sama yana ƙugi yana firgita awaki. Mamane ya taɓa ɗaukar Muna hoto ya buga shi babba ya rataya a shagonsa, yana gaya wa mutane cewa ƙawa ce kawai. Ya kai wa Ɗangoma goro ya fi a ƙirga. Dattijon yana karɓa, ya ci, ya yi godiya, bai taɓa tambayar na mene ne ba.

Mahaifiyar Hafizu, Hajiya Rukayya, ta yi nata ƙorafin. Ta ce gidan goge gidan bori ne, mutane za su yi magana. Kawunsa ya tuna mata wace ce ta goya Hafizu yana jariri, lokacin da zazzaɓi ya ƙi jin allura, ta kai shi ƙauyen su Muna da mayafi har ƙasa don kar a gane ta. Hajiya ta ce wannan daban ne. Daga ranar ba ta sake ta da zancen ba.

Matsalar ta zo daga inda Hafizu bai zata ba, wato daga aikin da ya fi kyau a duk abin da ya taɓa ɗauka.

Wata rana Muna ta gayyace shi ƙauyensu. Wasa ne na gida, na masu bori, a gindin wani babban gawo. Ɗangoma mutum ne mai salla kuma mai goge, bai taɓa ganin dalilin da zai sa a ce ya zaɓi ɗaya ba. Ya ga yaron da kamerarsa, ya gyaɗa kai. A tunaninsa hoto hoto ne, abin da ake ratayawa a bango.

An fara da kiɗan rawa, irin wanda kowa ya sani. Can sai gogen ya sauya murya, ya yi ƙasa, ya yi kamar mutum na kiran wani daga nesa. Wannan shi ne kiɗan kira, wanda ake kiran iskoki da shi su sauko kan masu su. Gwaggo Tani, ƙanwar Ɗangoma, mace mai barkwanci da ke suyar ƙosai a kasuwar Filinge, ta miƙe da wata fuska da ba tata ba. Hafizu bai motsa ba. Haske daidai, hannu tsaye, wayarsa na kwance kusa da ƙafar dattijon tana ɗaukar kowane ja na izga.

Da ya koma gida ya haɗa, sai ya ji shi ma ya zama wani. Ya yanko guntu ya sa a waya don abokai su gani. Abokai suka gani, suka tura wa nasu abokan.

Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, Gwaggo Tani na bakin kaskonta. Wani saurayi da ke jiran ƙosai ya kunna bidiyon don ya nuna wa na kusa da shi. Kiɗan ya tashi a tsakiyar kasuwa, ba tabarma, ba turare, ba matan da ke tare mutum in zai faɗi. Tani ta saki matsami, idonta ya juye, ta tafi gaba ɗaya. Hannunta na dama ya sauka a gefen kaskon mai.

A Filinge akwai masu cewa iskoki gaskiya ne, akwai masu cewa al'ada ce kawai, kuma duk ɓangarorin sun yi bayani mai tsawo a ranar. Ƙunar da ke hannun Tani ba ta jira a gama muhawarar ba.

Hafizu ya je ƙauyen washegari. Ya tarar da Ɗangoma a zaure yana shafa ƙaro a bakan goge. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka amsa masa a taƙaice.

"Baba, na zo ban haƙuri. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani kay yi, da ba zamne kake nan ba." Ya ci gaba da shafa ƙaronsa. "Kiɗan ga ubana yab ba ni shi, shi ma nashi uban. Ba mu taɓa kai shi kasuwa ba. Kai ka zo rana guda ka zuba shi aljihun kowane yaro."

"Na goge nawa, Baba. Ina bin mutane suna gogewa."

"Madalla. Sai ka bi hannun Tani shi ma ka goge." Ya ɗago ya dube shi. "An ce kana son ɗiyata. Gidan ga cike yake da abin da ba a ɗauka. Wanda bai san inda ido ka tsayawa ba, ba ni ba shi Muna. Tashi ka tahi."

Muna ba ta fito ba. Saƙonta ne ya same shi a hanya.

"Mamane ya ce dama kiɗan kake so, ni hanya ce. Ban yarda ba, amma ban iya barci ba. Ni na kawo ka gidanmu. Ni ke wanke wa Gwaggo hannu kullum. Kar ka kira ni yanzu."

Ya tsayar da moto a gefen gonar gero ya rubuta amsa, ya goge, ya sake rubutawa.

"Ba zan kira ba. Laifina ne, ba na Mamane ba, ba naki ba. Ki gaida Gwaggo. Kafaɗa na zo kallo, Allah ya sani."



Gaskiyar magana, bai goge duka ba tukuna. Guntun da ya yaɗa ya goge, amma dogon bidiyon na nan a kwamfuta. Ya zauna zai share shi, sai ya ga ya kamata ya fahimci abin da ya ɗauka kafin ya rabu da shi. Ya kashe sautin gaba ɗaya, don ya yi wa kansa alkawarin kiɗan ba zai sake fita ta hannunsa ba. Ya kalli wasan shiru. Da babu kiɗa, sai ido ya fara ganin abin da kunne ke ɓoyewa. Ya daina kallon masu rawa, ya daina kallon kafaɗa ma, da ƙyar. Ya kalli dattijon. Ya mayar baya, ya sake kallo. A duk lokacin da fili ke gab da sauyawa, kafin wani ya miƙe da baƙuwar fuska, akwai wani ɗan abu da Ɗangoma ke yi. Hafizu ya tabbatar, sannan ya share bidiyon har daga kwandon shara.

Sauran damina ya yi ta a kasuwa. Duk ranar Lahadi yakan zo rumfar Tani, wadda 'yarta ke riƙe mata, ya ɗauko itace, ya jawo ruwa. Da Tani ta dawo da hannu a naɗe, ta same shi yana hura wuta.

"Kai ne mai lisansi?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Wutar ma ba ka iya ba. Matsa." Ta zauna ta gyara itacen da hagu. "An ce na yi kyau cikin hilim ɗin."

"Kin yi, Gwaggo."

"Ka goge ban gani ba. Ka ƙona ni, ka kuma hana ni ganin kaina. Kai dai ba ka da amfani ko ta ina."

Ta ba shi ƙosai a takarda. Da yamma saƙo ya shigo, na farko tun ranar.

"Gwaggo ta ce ka rame. Ka riƙa cin abinci, Ido Ɗaya."

Da kaka ta yi, aka ɗaure gero, ƙauyen ya shirya babban wasan shekara. 'Yan ci-rani da ke Lome da Abijan suka matsa wa maigari a ɗauko musu bidiyo su ga gida. Maigari ya kira Mamane, ya kira Hafizu, don ba ya son a ce ya yi son kai. Ɗangoma ya ce a ɗauki rawa, ban da kira. Aka tambaye shi yaushe za a kashe inji. Ya ce shi ma bai sani ba, ba shi ke sa lokaci ba, abin zuwa yake yi. Mamane ya ce ba damuwa, zai ɗauki duka ya yanke a shago. Maigari ya ga wannan magana ce ta masu ilimi, ya amince.

Hafizu ya zo da wuri. Ya zaɓi wuri rana na bayansa, ya je ya durƙusa gaban Ɗangoma ya nemi izinin ajiye wayarsa. Dattijon ya ci gaba da gyara gogensa, Hafizu ya ajiye ta kusa da ƙafarsa. Muna na bayan mahaifinta da ƙwaryarta, ta sunkuyar da kai tana gyara sandunan da ba abin da ya same su.

Aka fara. 'Yan mata suka shiga, samari suka biyo, tsofaffi suka yi tasu rawar ta a hankali. Jirgin Mamane na sama yana ƙugi. Hafizu na ɗauka, amma wannan karon idonsa na biyu a buɗe yake, kuma ba fili yake kallo ba.

Ana tsakiyar kiɗan rawa, jama'a na tafi, sai ya ga abin da yake jira. Ya sauke kamerar, ya rufe mata ido, ya zare batir. Ya ratsa fili a gaban kowa, masu rawa na kauce masa suna tsaki, ya durƙusa ya ɗauke wayarsa daga gaban dattijon, ya kashe ta, ya ɗaga ta sama don a gani. Sannan ya koma ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Bakan gogen ya tsaya a iska. Ɗangoma ya dubi yaron. Shi kansa a lokacin ne ya ji kiran na taso masa a hannu. Ya juya ya dubi Mamane, bai ja izga ba. Fili ya yi tsit, kowa ya bi idon dattijon. Mamane ya fara bayanin yankewa a shago, ya ga ba mai saurare, ya sauko da jirginsa ya tattara kaya. Sai da jaka ta rufe sannan gogen ya yi ƙasa da murya.

Abin da ya faru bayan nan ba ya cikin bidiyon kowa.

Da aka watse, rana ta yi ja, Ɗangoma ya aika a kira Hafizu. Muna na tsaye nesa kaɗan, ƙwarya a kai.

"Wa ya hwaɗa maka? Ita ta?"

"A'a, Baba. Ba ta yi mini magana a kai ba."

"Ni ban ba kowa alama ba. Ni kaina ban sani ba sai ya zo. To wa?"

"Ƙafarka, Baba. Kafin kira, kana zare takalmi ka taka ƙasa."

Ɗangoma ya dubi ƙasa. Ƙafafunsa tsirara a kan rairayi, takalman na gefe, ɗaya kan ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu kamar na baƙo.

"Muna, haka nike yi?"

"Ni bayanka nike gani, Baba."

Dattijon ya ɗago kai. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka. "Ubana haka shike yi. Ina yaro ni ka ɗauke mishi takalma. Ban san na gado ba." Ya sa ƙafa ya jawo takalman ya saka. "Tun ina saurayi mutane ka kallona, ba wanda yag gani. Kai da kab ɓata muna suna kai ag gani." Ya miƙe, ya rataya gogensa. "Ka ce ma kawunka shi zo. Shi zo da goro mai kyau, na gaji da na Mamane."

Hafizu bai kai ga moto ba saƙo ya shigo, daga mutumin da ke tsaye bai fi taku kaɗan da shi ba.

"Ashe duk wasan yau ƙafar Baba kake kallo. Ni na ɗaga kafaɗa har ta yi ciwo."

"Na gani, Munata. Ido biyu gare ni yanzu."

"To ka ajiye guda a wurina."

An ɗaura aure bayan an gama sussuka. Hajiya Rukayya ta zo ƙauyen da rana tsaka, ba mayafi har ƙasa, ta rungume Tani kamar ba su taɓa saduwa a asirce ba. Tun da ango ba ya ɗaukar bikinsa, Mamane aka ba aikin, ya kuma yi shi da kyau, ban da cewa ya tsaya jikin lasifika.

Da yamma aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo. Ɗangoma ya fito da sababbin takalma sau-ciki masu igiya, waɗanda Muna ta sayo masa ta kuma ɗaure da kanta, ƙulli a kan ƙulli.

"Yau ba mai cirewa," in ji Tani. "Ina son in ci bikin ɗiyata da hankalina."

Dattijon ya zauna yana ƙorafin yatsunsa sun matse. Ya kira ango da amarya suka durƙusa a gabansa, ya dafa kawunansu.

"Allah shi ba ku zaman lahiya. Shi ba ku ɗiya masu ji. Abin da kunka gani na juna mai kyau ku nuna ma duniya, wanda ba na nunawa ba ku rufe mishi ido." Ya ɗauki gogen ya gwada izga. "Wanga kiɗan sabo na, na Muna na. Ba shi kiran kowa. Kai mai inji, wanga ka iya ɗauka."

Kamerar na gefen Hafizu a cikin jaka, kawunsa ya bar masa ita kyauta. Ya kai hannu, sai ya ji yatsun Muna masu lalle a kan nasa, ta ƙarƙashin mayafi.

"Mamane na ɗauka," ta ce a hankali.

"Sautinsa ba zai yi kyau ba."

"To sai ka saurara da kyau, ka riƙe mana."

Ya bar jakar a rufe. Gogen ya tashi, Tani ta shiga fili tana juya hannunta mai tabo, Ɗangoma na buga ƙasa da sabon takalmi.